Wa zai gaya wa kafinta abin da ke cikin silin?

A watan Satumbar 2011 wata kotu a garin Bournemouth na Ingila ta ci kamfanin Marks & Spencer tarar fam miliyan 1, ta kuma ɗora masa fam dubu 600 na kuɗin shari'a. Laifin bai shafi kayan da yake sayarwa ba. Gyara ya sa aka yi wa wani tsohon kantinsa da ke garin Reading tsakanin 2006 da 2007, silin kantin kuwa akwai asbesto a ciki, wani ma'adini da ake sa wa kayan gini wanda ƙurarsa ke lalata huhu. Ma'aikata kan shiga da dare su ciccire allunan silin kaɗan-kaɗan, gari na wayewa a buɗe ƙofa masu sayayya su shigo, don kada ciniki ya tsaya ko na yini guda. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar, HSE, ta nuna wa kotu cewa ba a ba masu aikin isasshen lokaci da fili su yi shi yadda ya kamata ba. Ba a jira wani ya kwanta ciwo ba kafin a gurfanar da kamfanin. Jefa ma'aikata da masu sayayya cikin haɗarin shaƙar ƙurar shi kaɗai ya isa laifi.

Wannan shari'ar na yawan faɗo mini a rai saboda irin gyaran da aka ci wancan kamfani tara a kansa ana yin wanda ya fi shi muni kullum a garuruwanmu, da rana tsaka, ƙofa a buɗe, mai shayi na gefe yana fifita wuta. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya mallaki tsohon ginin kasuwanci, kanti ne ko ofis ko otal ko sito, wajibi ne doka ta ɗora masa nauyin sanin ko akwai asbesto a ginin, ya rubuta inda yake, ya kuma faɗa wa duk mai aikin da zai taɓa wurin tun kafin ya ɗaga guduma. Ban ce a tilasta wa kowa ya yaye rufinsa gobe ba. Ina ma ganin umarni irin wannan zai fi cutarwa.

Asbesto ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa, ana farfasa dutsensa ya zama zare-zare. Wuta ba ta cin sa, ba ya ruɓewa, ba ya tsatsa, ga araha. Shi ya sa masu gini a ƙarni na 20 suka rungume shi: aka cuɗa shi da siminti aka yi kwanon rufi da allunan silin da bututun ruwa, aka naɗe bututun tururi da shi a masana'antu, aka fesa shi a jikin ƙarafan manyan gine-gine don kare su daga gobara, aka sa shi a tayil ɗin roba na ƙasa da cikin akwatunan wutar lantarki, har da birkin mota. Iri uku ne suka fi yaɗuwa, fari da ruwan ƙasa da shuɗi. Biyun ƙarshe sun fi muni, amma hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sa dukkansu a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa.

Haɗarin a ƙurarsa yake. In aka yanka shi ko aka huda ko aka farfasa, zaruruwa ne ke tashi waɗanda ido ba ya gani, ba su da wari, ba sa sa atishawa, suna kuma iya daɗewa suna yawo a iskar ɗaki bayan an tashi daga aiki. Wanda ya shaƙa, su sauka can ƙasan huhu su maƙale, jiki kuma ba ya iya narkar da su. Wani huhunsa ya yi ta yin tabo har numfashi ya gagare shi. Wani ya kamu da kansar huhu, in kuwa mashayin taba ne haɗarin ya ninka sau da yawa. Wani kuma ya kamu da mesothelioma, kansar tantanin da ya lulluɓe huhu ko ciki, wadda kusan duk inda aka gan ta asbesto ne sanadi, kuma akasarin masu ita ba sa wuce shekara ɗaya ko biyu bayan an gano ta. Abin da ya sa maganar ke da wuyar shiga kunne shi ne tazarar da ke tsakani. Daga shaƙa zuwa ciwo akan ɗauki shekara 20 zuwa 50. Yaron da ya yi ɗaukar baraguzai yana ɗan shekara 18, sai ya aurar da 'ya'ya kafin ciwon ya bayyana, lokacin ya ma manta da ginin, mai ginin kuma wataƙila ya daɗe a ƙasa.

Turawa ba su gane wannan da wuri don sun fi kowa tausayi ba. Tun 1898 wata mai duba masana'antu a Ingila, Lucy Deane, ta rubuta gargaɗi kan ƙurar asbesto. A 1924 Nellie Kershaw, ma'aikaciya a masaƙar asbesto ta Turner Brothers da ke Rochdale, ta rasu tana da shekara 33, huhunta ya lalace, kamfanin kuma ya ƙi biyan ko sisi. Dokar farko ta zo a 1931, amma masana'antun asbesto kawai ta shafa. Richard Doll ya tabbatar da alaƙarsa da kansar huhu a 1955. A 1960 likita Chris Wagner da abokan aikinsa suka gano mesothelioma a yankin da ake haƙar shuɗin asbesto a Afirka ta Kudu, har a jikin mutanen da ba su taɓa shiga ramin haƙa ba, zama kawai suke yi a kusa. Duk da haka Birtaniya ba ta hana shuɗi da ruwan ƙasa ba sai 1985, fari kuwa sai 1999. Shekara ɗari ke nan daga gargaɗin farko. Sakamakon wannan jan ƙafa shi ne har yau kimanin mutum 5,000 ke mutuwa duk shekara a ƙasar sanadiyyar asbesto, sun fi waɗanda haɗarin mota ke kashewa a can. Cikinsu, a lissafin HSE, kusan masu sana'ar hannu 20 ne duk mako: kafintoci, masu wayarin, masu aikin famfo, masu fenti.

Wannan lissafin na masu sana'ar hannu shi ya sauya tunanin masu yin doka. Sun lura cewa rufe masana'antu da hana shigo da sabo bai kawar da wanda ya riga ya shige bango da silin na dubban gine-gine ba, kuma wanda zai gamu da shi ba manajan banki ne da ke zaune ƙarƙashin silin ba, mai wayarin ne da aka kira ya ja sabuwar waya. Sai suka kafa abin da suke kira wajibcin kula da asbesto, wanda ya fara aiki a watan Mayun 2004, yanzu kuma yana sashe na 4 na dokar asbesto ta 2012. Ya shafi duk ginin da ba gidan zama ba, da wuraren da ake tarayya a kansu a gidajen haya kamar matakala da baranda.

Abin da na fi so a dokar shi ne ta fara da amsa tambayar da mu a nan kowa ke zamewa: nauyin a wuyan wa yake? Ta ce a wuyan wanda gyaran ginin ke hannunsa. In yarjejeniyar haya ta ce ɗan haya ne ke gyara, to shi ne. In ta ce mai gini ne, shi ne. In babu yarjejeniya, ko ginin ba kowa a ciki, wanda ke da iko da wurin ne. Shi wannan mutum zai bincika ko akwai asbesto, kuma in ginin ya girmi shekarar 2000 ya ga abin da ya yi kama da shi, dole ya ɗauka shi ne har sai an samu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa ba shi ba ne. Zai buɗe rajista ya rubuta inda yake da halin da yake ciki, ya tsara abin da za a yi da kowanne, ya riƙa komawa yana dubawa, ya kuma nuna wa duk mai aikin da ya zo. In babban gyara ne ko rusau, sai an yi wani bincike mai zurfi wanda za a buɗe bango da silin a leƙa. Aikin da ya fi haɗari, irin su cire wanda aka fesa ko wanda aka naɗe bututu da shi, sai kamfani mai lasisi, a kuma sanar da hukuma kwana 14 kafin a fara. Takardun lafiyar masu irin wannan aiki shekara 40 ake ajiye su, saboda an san ciwon ba ya gaggawa. Faransa, wadda ta hana asbesto a 1997, ita ma ta bi hanya mai kama da wannan: ginin da aka ba izinin yin sa kafin Yulin 1997 sai da kundin bayanin asbesto, kuma ba a sayar da shi sai an nuna wa mai saye.

Dokar ba ta ce a cire ba. In asbeston lafiyarsa ƙalau kuma ba inda za a taɓa shi, shawarar hukuma ita ce a bar shi, a yi masa alama, a riƙa lura. Kamar gidan rina ne a kusurwar zaure: muddin ba a tsokane shi ba ana iya shekaru ana wucewa ta ƙarƙashinsa, amma rashin imani ne ka tura yaro ya share yanar gizo-gizo a wurin ba ka gaya masa ba.

Tsarin Birtaniya ma yana da masu suka, kuma sukar tana da tushe. Rajista da yawa a aljihun tebur suke ƙarewa, ba mai buɗe su. Mafi yawan makarantun gwamnati a Ingila har yanzu akwai asbesto a cikinsu, ginin kuma tsufa yake yi, abin da yake lafiya bana baɗi ya fara zuba. A 2022 wani kwamitin majalisar dokokin ƙasar ya nemi a sa wa'adin shekara 40 a kwashe shi daga duk gine-ginen da ba na zama ba, gwamnati ta ƙi amincewa da wa'adin. Su ke nan suna muhawarar mataki na biyu. Mu na farkon ne ba mu taka ba.

Don kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce, ya ɗaga kai ya dubi silin tsohuwar sakatariya ko tsohon banki ko ajin firamaren da ya yi. Fararen allunan nan masu murabba'i da aka danne da siraran katako, da kwanon siminti mai kauri mai launin toka da ake yabo saboda ba ya ɗaukar zafi kuma ba ya ƙara lokacin ruwan sama, su ne kayan yayi daga shekarun 1960 har zuwa 1990, musamman lokacin da kuɗin man fetur ya shigo aka yi ta gini ba ji ba gani. A nan gida ake yin su, akwai masana'antunsu a Legas da Inugu da Sapele, da Kano da Bauchi a Arewa. Daga baya manyan kamfanonin sun koma yin allunan da babu asbesto a ciki, sai dai sunan ya zauna a bakin mutane, har yau wani ya ce a ba shi silin asbesto alhali sabon ba shi da shi. Matsalar ita ce da ido ba za ka bambance tsohon da sabon ba, sai an kai ɓalli ɗakin gwaji. Shekarun ginin su ne manuniya ta farko.

Irin na siminti, wanda asbeston cikinsa bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba kuma siminti ya riƙe shi, shi ne mai sauƙin haɗari. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na tsofaffin masana'antu. Duk masaƙa ko kamfanin mai ko na fata na wancan zamani da ke aiki da tukunyar tururi, a ko'ina a duniya, akan naɗe bututunsa da asbesto mai laushi wanda hannu ma yana marmasa shi, kuma kason asbeston cikinsa ya ninka na siminti nesa ba kusa ba. Ga Kakuri a Kaduna, ga Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, cike da masana'antun da suka mutu. Wasu an mayar da su sito, wasu an yanka su filaye, wasu an sayar wa 'yan gwangwan ƙarafan ciki. Mai yankan ƙarfe da ya zo cire bututu, abin da zai fara yi shi ne ya ɓamɓare farin abin da aka naɗe shi da shi ya watsar, don ƙarfen yake so. A ƙa'idar hankali kamata ya yi a ɗauka asbesto ne har sai gwaji ya ƙaryata.

Na taɓa tsayawa a wani tsohon bene na shaguna da ake mayarwa filaza ta zamani. Za a cire tsohon silin a sa POP. Kafintan ya hau kan benci da ƙaramin ƙarfen ɓamɓare ƙusa, amma da ya ga ƙusoshin sun yi tsatsa sai ya daina wahalar da kansa, ya riƙa dukan allon daga ƙasa yana faɗowa gutsi-gutsi. Girarsa da gemunsa sun yi fari fat. Yaransa biyu na ƙasa, ɗaya da tsintsiya yana tara ɓaraguzan a bushe, ƙura ta turnuƙe har hasken taga ya zama sanda, ɗayan ya ɗaure hanci da hankici wanda ya zame ya koma wuya. Na ce masa, "Malam, da kun ɗan yayyafa ruwa kafin ku fasa, wannan ƙurar ba ta da kyau." Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ai mun saba. In mun tashi madara za mu sha ta wanke ƙirji." Da yamma mai kura ya kwashe tarkacen, aka zube a wani rami da ke bakin layi don motoci su daina faɗawa, allunan da ba su fashe ba kuma wani ya roƙa zai rufe akurkin kaji. Madara ba ta zuwa huhu, hankici ko takunkumin asibiti ba sa tare waɗannan zaruruwa, kuma kowace tayar da ta bi ta kan ramin nan niƙa take ƙara yi. Rigar kafintan kuma gida za ta je, matarsa ta kakkaɓe kafin ta jiƙa. A Ingila da Italiya da Ostareliya an samu mata da yawa da mesothelioma ta kashe ba su taɓa aiki da asbesto ba, wankin kayan mazajensu kawai suke yi.

Kafintan nan bai yi laifi ba, don ba wanda ya gaya masa. Mai ginin ma wataƙila bai sani ba. To amma cikin su biyun wa ya fi dacewa a ce lallai ya sani? Kafinta yau yana nan gobe yana can, jinga ya karɓa, in ya ce sai an yi gwaji za a kira wani. Ɗan haya shekara biyu zai yi ya tashi. Mai gini shi ne ke da takardu, shi ya san shekarar da aka yi ginin, shi ke karɓar haya duk shekara, shi ne kuma darajar dukiyarsa za ta ƙaru in an gama gyaran. Wanda ke cin amfanin abu shi ya kamata ya ɗauki nauyin aibinsa. Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu: ko a fiƙihun ciniki ba ya halatta ka sayar da kaya ka ɓoye aibin da ka sani, kuma kowa ya san hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Abin da doka za ta ƙara shi ne ta toshe ƙofar "ban sani ba", ta ce neman sanin ma wajibi ne.

Na san abin da za a ce. Na farko, mun girma ƙarƙashin silin nan, ga mu garau. Gaskiya ne, kuma ya dace da abin da masana ke faɗa: allon da ke zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Amma yanzu ne gine-ginen suka kai shekarun gyara da rusau, wato yanzu ne ake fasa abin da ya shekara 40 ko 50 a zaune. Na biyu, ina gawarwakin? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sama da mutum 200,000 ne ke mutuwa duk shekara a duniya saboda shaƙar asbesto a wurin aiki, kuma ba wani dalili da zai sa huhun Bahaushe ya bambanta da na kowa. Dattijon birkila da ya zo asibiti da tari da rama da ruwa a ƙirji, a Nijeriya, ƙasar da ta fi kowace a Afirka yawan masu tarin fuka, maganin tibi za a fara ɗora shi a kai. Gano mesothelioma sai da hoton ƙirji na musamman da yankar tsoka a kai gwaji, kuɗin da iyalinsa ba su da shi. A ce ya yi fama da ciwon ƙirji, Allah ya ji ƙansa, a rufe shi kafin la'asar. Ba a gani ba ne saboda ba a duba ba.

Na uku, ai farin asbesto ne muke da shi, kuma an ce shi ba ya illa. Masu wannan magana su duba su waye ke yaɗa ta. Ƙasashen da ke haƙo shi suna sayarwa, Rasha da Kazakistan a gaba, su ne suka shekara da shekaru suna hana a sa shi cikin jerin abubuwa masu haɗari na yarjejeniyar Rotterdam, jerin da ba ma hani ba ne, sanar da mai saye kawai yake buƙata. Kanada, wadda ta daɗe tana cikin manyan masu haƙo farin, ta hana shi a 2018. Tarayyar Turai ta hana tun 2005, Afirka ta Kudu da ta yi arziki da shi ta hana a 2008, hukumar kare muhalli ta Amurka ta sanar da nata hanin a 2024.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta kuɗi, kuma ba zan raina ta ba. Mai shaguna biyar a tsohuwar kasuwa ba Marks & Spencer ba ne. In aka ce sai ya ɗauko ƙwararre daga Legas ya yi masa bincike, ba zai yi ba, zai dai nemi wanda zai ba na goro. Shi ya sa nake ganin a fara daga sama: gine-ginen gwamnati, bankuna, otal-otal, asibitoci da makarantu masu zaman kansu, manyan filazoji, masana'antu, da kasuwannin da ke hannun hukuma. Waɗannan suna da injiniyoyi da lauyoyi da inshora. Ga ƙaramin mai gini kuwa, ƙa'idar nan ta ɗauka cewa shi ne har sai an gwada ta sauƙaƙe komai. Ba ya buƙatar gwaji. Takarda ɗaya ta isa: ginin nan an yi shi shekara kaza, silin ɗakuna kaza da rufin sito tsohon allo ne, kada a huda, kada a yanka da inji, kada a fasa. A manna kwafi kusa da mita, a sa kwafi cikin yarjejeniyar haya.

Wurin da hukuma za ta kama abin ba tare da kafa sabuwar ma'aikata ba shi ne wurin ba da izini. Hukumomin tsara birane irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna su ne ke amincewa da sauya fasalin gini. A ƙara tambaya ɗaya a fom: ginin ya girmi shekarar 2000? In e, ina bayanin asbesto, wa zai cire, ina za a kai? Haka in gwamnati ce da kanta za ta yi rusau, ko bayan gobarar kasuwa irin wadda ta cinye Sabon Gari a Kano a 2016. Allon siminti mai asbesto tarwatsewa yake yi in ya sha wuta, kuma kowa ya san da zarar wuta ta lafa ko katafila ta ja baya, matasa da 'yan jari-bola ne ke rufar wa baraguzan da hannu suna neman rodi da waya. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don tilasta bin dokokin muhalli, da sashen duba masana'antu na ma'aikatar ƙwadago, duk suna da hurumi a nan. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ga cutar da aiki ya jawo, amma sai ma'aikacin da wanda ya ɗauke shi aiki ya yi masa rajista yana zuba kashi 1 cikin ɗari na albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF. Leburan da ake biya da yamma ba ya cikin wannan lissafi, shi ya sa kare shi tun kafin ya shaƙa ne kaɗai abin da zai amfane shi.

Ƙungiyoyin kafintoci da magina da masu wayarin kuwa ba sai sun jira doka ba. Abin da ake buƙata a koya wa mai cire allon siminti bai fi zama ɗaya ba: a fitar da mutane a rufe wurin, a jiƙa allon sosai, a cire ƙusa ko a yanke ta a sauko da shi ɗungurungum, kada a kusance shi da injin yanka ko na huda, kada a yi shara a bushe sai da jiƙaƙƙen tsumma, a sa takunkumi mai matata irin P3 wanda ya kama fuska, a naɗe tarkacen cikin leda mai kauri ninki biyu, kayan aikin kuma kada su shiga gida. Wannan bai kai matakin da ake bi a Turai ba, amma tsakaninsa da abin da na gani a benen nan akwai rayuka. Mai laushin nan na bututu da wanda aka fesa kuwa ba aikin kafinta ba ne ko kaɗan, ko nawa za a biya shi.

Abin da nake tsoro shi ne ranar da wani kwamishina zai ji labarin asbesto a wani taro ya dawo ya ba da wa'adi. Kenya ta yi haka a 2024, ministan muhalli na lokacin, Aden Duale, ya ba da wata uku a cire rufin asbesto. Niyyar mai kyau ce, amma a ƙasar da ba ta da isassun ƙwararru, wa'adi irin wannan gayyata ce ga dubban mutane su hau rufi da guduma a lokaci guda. Ruwanda ta fi burge ni: ta ɗauki fiye da shekara goma tana yi a hankali, ta horar da masu cirewa, ta kuma keɓe wuraren binne shi. Wannan na ƙarshen shi ne gaɓar da duk shirin zai tsaya ko ya faɗi. In ka ce wa mai otal ya cire silinsa bisa ƙa'ida, ya naɗe a leda, ya loda a tifa, direban zai tambaye shi ina za a kai, kuma in babu amsa, kududdufin bayan gari za a kai, inda gobe za a cike a yanka filaye. Kowace jiha na buƙatar rami guda da aka killace, aka yi masa rajista, ake rufe abin da aka zuba da ƙasa nan take, aka kuma hana gini a kansa. Kafin a samu wannan, mai tsohon gini da silinsa bai fashe ba ya bar shi inda yake, ya shafe shi da fenti ba tare da ya goge shi da samfefa ba, ya toshe yoyon rufin da ke jiƙa shi, ya rubuta takardarsa, ya nuna wa mai wayarin kafin ya hau.